Baƙo raɓa, ɗan gari kaba: ina matsayin iyalin Bradford?

Malamin Tarihi: Jiya a wajen sulhun rikicin gona wani dattijo ya ce wa abokin shari'arsa "baƙo raɓa, ɗan gari kaba", sai na tuna da William Bradford, Baturen Ingila da jirgin Mayflower ya sauke a Plymouth ta Amurka a 1620. Matarsa Dorothy ta faɗa teku ta rasu tun ba su kafa bukka ba, kuma cikin mutum 102 da jirgin ya ɗauko kusan rabi ba su ga ƙarshen hunturun farko ba. Mutanen Wampanoag, 'yan asalin yankin, su ne suka nuna musu yadda ake shuka masara. Duk da haka raɓar ba ta bushe ba, domin Bradford ya sake aure a 1623, ya yi gwamnan Plymouth kusan shekara 30, a can kuma ya rasu a 1657.

Ɗan Zaure: Malam, karin maganar ta shafi mai yada zango ne, ba wanda ya taho da iyali da niyyar zama ba.

Jikar Goggo: Kakata, Allah Ya jiƙanta, takan ba mu labarin wani baƙo da mahaifinta ya ba aron gona. Da damina ta biyu ɗan baƙon ya rasu, aka binne shi a gefen gonar, uban ya dasa bishiyar mangwaro kusa da kabarin. Ta ce tun daga ranar bakin kowa ya yi nauyi, domin ba a iya cewa mutum ya tashi daga inda ya binne ɗansa. Har ta tsufa jikokinsa ke kawo mata kwandon mangwaro duk bazara, tana karɓa tana yi musu addu'a, amma ba ta taɓa daina kiran gonar "gonar Baba" ba.

Mai Shayi: Allah Ya yi mata rahama, Hajiya. Raɓar gaskiya ai 'yan siyasarmu ne, da hantsin zaɓe ya ɗaga ba a ƙara ganinsu.

Malamin Tarihi: Jikokin can ba mangwaro suka kai ba. Massasoit, sarkin Wampanoag, ya ƙulla amana da baƙin a 1621, amma a yaƙin da ya ɓarke tsakanin baƙin da 'yan asalin yankin a 1675 ɗan Bradford na cikin jagororin mayaƙan Plymouth, ɗan Massasoit kuwa, Metacom, aka kashe shi a 1676 aka kafe kansa a garin.

Ɗan Zaure: To Hajiya, yanzu gonar tana hannun wa?