Neman shawara: gidan haya na farko, in sayi ginanne ko in gina?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na tara naira miliyan 32, ina so in zuba su a gidan haya a nan Kano, kuma ban taɓa yi ba. Dillali ya nuna mini wuri biyu. Na farko tsohon gida ne a Ɗorayi, sashe huɗu, kowanne ciki da falo da kicin da banɗaki. Gidan gado ne, an sallama a miliyan 28, akwai 'yan haya a ciki, kowane sashe dubu 500 a shekara. Na biyu fili ne a Danbare, kusa da sabuwar Jami'ar Bayero, in gina wa ɗalibai ɗakuna. Wanne ya fi, kuma me zan duba kafin in biya?

Wani lauya:
Wa alaikumus salam. Malam, tunda ka ce gidan gado, ajiye zancen farashi tukuna. Wa zai sayar maka? In babban wa ne kaɗai ya zo da dillali yana cewa ai ƙannensa sun yarda, ka ce kana son ganinsu. Kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidan aure da wanda yake ci-rani, ko ya aiko wakili da takardar wakilci. In akwai marayu ƙanana, a nemo izinin kotu. Mafi kwanciyar hankali shi ne a nuna maka takardar rabon gado daga kotun shari'a. Galibin rigimar irin waɗannan gidaje ba ta tashi sai bayan shekaru, lokacin da ka gyara gida ya yi kyau, wani yaro ya girma ya ce ba da shi aka yi ba.

Sai takardar ƙasa. A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne, abin da kake saya haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99. In gidan yana da satifiket, wato C of O, lauyanka ya kai lambar fayil ɗin KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Kano, a bincika: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki, akwai bashin kuɗin ƙasa? Bayan ciniki kuma sai an nemi amincewar gwamna kafin ya koma sunanka. In takardar mai unguwa da dagaci ce kawai, shaida ce mai amfani, amma ba ta hana rusau in wurin ya hau hanya, ko magudanar ruwa, ko filin makaranta. Mutanen Kano sun ga rusau ɗin da gwamnati ta yi a 2023. Filin Danbaren ma haka, a duba ko yana cikin shatar gwamnati, kuma kada ka aza bulo ɗaya ba tare da amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ba.

Kuɗi ta banki, zuwa asusun wanda sunansa ke cikin yarjejeniya. Ba asusun dillali ba.

Wani injiniyan gini:
Barista ya gama da takarda, ni ruwa zan yi maka magana a kai. Tsohon gida ana duba shi ne a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. In ba za a jira damina ba, ka duba gindin bango daga ciki da waje. Fenti ya kumbura, filasta tana zubowa kamar gari, ko farin gishiri ya fito kamar tsawon gwiwa? Danshi ne ke hawa daga ƙasa, kuma sabon fenti ba ya maganinsa, wata uku ya dawo. Gidan da aka yi wa fenti mako biyu kafin a sa shi a kasuwa, ni nakan ƙara zarginsa.

Ka tambayi dattawan layin, ba dillali ba, ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike. Kano cike take da su. Alamarsa tsagewar da ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, da ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Tsagewa siririya a filasta ba komai ba ce. Wadda tsabar kuɗi za ta shige, wannan mai yiwuwa daga fandisho take.

A buɗe silin ɗaya a haska fitila, a ga ko gara ta ci katako, kwano ya huje. A ɗaga murfin sokawe. In rijiya tana kusa da shi, ruwan bai dace da sha ba, kuma za ka sha ƙorafi. In tsakar gida ta fi titi ƙasa, duk shekara kwata za ta shigo.

Gini kuwa, miliyan 32 da sayen fili a ciki, ina jin tsoron za ka tsaya a linta. Ginin da ba a rufa ba ba ya kawo ko sisi, siminti kuma ba ya jiran kowa.

Wata akanta:
Ɗan'uwa, mu yi lissafi da alkalumanka. Miliyan 28, ka ɗora la'ada, kuɗin lauya, canjin suna da gyaran farko, a ce sun cinye ragowar miliyan 4. Jarinka 32 ke nan. Haya miliyan 2 a shekara. Cire dubu 300 na gyara, dubu 200 na mai kula da gida in za ka ɗauka. Saura miliyan ɗaya da rabi, ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, kuma wannan in babu sashen da ya zauna fanko. Uwar kuɗi sai bayan shekara 21. Ka kwatanta da sukuk ɗin gwamnatin tarayya na farko a 2017, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, wanda ya biya kashi 16.47 a shekara, ko hauhawar farashi da ta haura kashi 30 a 2024. Ribar gida a tashin darajarsa take, haya ɗan abin cefane ce. In da ita kake shirin ciyar da iyali, sake tunani. Kuma kada ka ci bashin banki ka cike, abin da za su ɗora maka ya ninka hayar sau da yawa.

Mai kula da gidajen haya:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai dubu 500 ɗin nan ma a tabbatar. A nuna rasit, kuma ka ji daga bakin kowane ɗan haya yaushe kuɗinsa zai ƙare. Ana karɓar hayar shekara biyu gaba sannan a sayar da gida, sabon mai gida ya zauna yana kallo. Abin da ya rage na hayar a cire shi daga kuɗin ciniki.

Ka karɓi lambar mita ka je ofishin kamfanin wuta na KEDCO a buga maka bashin da ke kanta. Sannan kowane sashe ya samu mitarsa mai kati. Mita ɗaya ga gida huɗu faɗa ne kullum, wannan yana da firiza, wancan yana da hita. Kuɗin ruwa, shara da kwashe sokawe a rubuta wa zai biya.

Ɗakunan ɗalibai sun fi kawo kuɗi a kan kowane ɗaki, amma sun fi cin gyara: famfo, makulli, soket, duk ƙarshen zango. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya yi, ɗalibai suka ce ba su zauna ba, ba za su sabunta ba. Ga mai farawa, magidanci mai albashi ko mai shago tsayayye ya fi sauƙi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. In na saya, zan iya tashin na ciki in gyara in ƙara kuɗi?

Wani lauya:
Za ka iya, amma da tsari. In yarjejeniyarsu ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata guda. Wa'adi ya cika bai fita ba, a ba shi na kwana bakwai, sannan kotu. Kada ka cire ƙofa ko kwano, kada ka yanke wuta, kada ka kai 'yan sanda su fitar masa da kaya, nan take kai mai gaskiya za ka koma wanda ake ƙara. Abin da ya fi arha, ka sa a yarjejeniyar ciniki cewa magada su miƙa maka sashe biyu babu kowa, ka riƙe wani kaso na kuɗin sai ranar da aka ba ka makullai. Ka gyara biyun da hayar sauran biyun tana shigowa.