Fita aiki da ƙaramin injin walda mai agon da sanda: abin da muka gani da idonmu

Mai tambaya, Kano

Assalamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Shekarata tara ina walda da tsohon inji mai taransifoma wanda sai mutum biyu sun kama kafin a ɗora shi a kan a-daidaita-sahu. Yanzu na samu aiki a wani gida mai hawa biyu, inda zan haɗa ƙafar tankin ruwa da baƙin ƙarfe a sama, sannan in yi makarin matattakala da bututun sitenles. Ina so in sayi ƙaramin injin walda na zamani da ake kira inbata, mai amfiya 200, wanda ke yin walda da sanda kuma yana yin ta TIG, wadda muke kira waldar agon saboda da gas ɗin agon ake yin ta. Ba a kai wuta gidan ba tukuna, saboda haka da janareta zan yi aikin. Ina roƙon duk wanda ya taɓa fita aiki da irin wannan inji ya faɗa mini abin da ya same shi, mai daɗi da marar daɗi, kafin in zuba kuɗina.

Dattijo daga Panteka, Kaduna

Wa alaikumus salam ɗana. Na daɗe ina raina waɗannan ƙananan injina, domin a ganina abin da yaro zai rataya a kafaɗa ba zai narka ƙarfen kirki ba. Ranar da na sauya ra'ayi ita ce ranar da muka hau gyaran hasumiyar tanki, na ga yarona ya ɗaure inji mai kilo shida da igiya ya ja shi sama, ya zauna a kan katako yana aiki da guntuwar waya, alhali a da sai mun bar inji a ƙasa mun jawo waya mai kauri tun daga can. Wutarsa kuma a kwance take, ba ta fantsama kamar ta taransifoma, sanda mai lamba 6013 tana tafiya a kai kamar man shanu.

Amma kada lambar da aka rubuta a jikin kwali ta ruɗe ka. Na farkon da na saya an rubuta masa amfiya 300 da manyan haruffa, sai ga shi da na sa masa sanda geji 8, wato mai milimita 4, ko minti biyu bai yi ba jar fitila ta kama ya tsaya. Abin da za ka nema shi ne ƙaramin allon da ke baya ko ƙarƙashin injin, inda ake rubuta kaso cikin ɗari kusa da amfiya. Ana lissafin ne a kan minti goma: idan ka ga 60% a gefen 160A, ma'anarsa zai yi minti shida yana aiki a kan amfiya 160, ya huta huɗu. Kamfanonin da ke bin ƙa'ida suna gwada wannan a zafin da ya kai digiri 40, wanda kai da kake Kano ka san a watan Afrilu ba sabon abu ba ne. Wanda bai rubuta zafin da ya yi gwajin a kai ba, ni dai ba na amincewa da lambarsa. Ga aikinka na ƙafar tanki, geji 12 da geji 10 sun wadatar, kuma ba za ka wuce amfiya 130 ba.

Mai gyaran injinan walda, Zariya

Baba ya yi gaskiya, ni kuma zan yi magana a kan gawarwakin da ake kawo mini shago. Yawancin inbatocin da nake buɗewa ba aiki ne ya kashe su ba, janareta ne da ƙura. Abin da ya sa injin ya zama ƙarami shi ne yana karɓar wutar da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, ya miƙar da ita, sannan wasu transisto da ake kira IGBT su riƙa datsa ta sau dubbai a daƙiƙa, ta yadda ɗan taransifoma kamar dunƙulen hannu zai yi aikin da babba ke yi. Waɗannan transisto ba sa jure wa wutar da ta yi tsalle. Idan janareta ƙarami ne, da zarar ka kafa sanda sai ya durƙusa, da ka ɗaga hannu kuma sai ya zabura, wutar ta haura fiye da ƙima na ɗan lokaci, a nan ake jin ƙara tas da warin ƙuna.

Ga lissafin da nake yi wa masu kawo mini gyara. Geji 10 a kan amfiya 120 tana cin kusan bolt 25 a bakin wuta, wato kilowat 3 ke nan. Idan ka haɗa da abin da ke salwanta a cikin injin da yadda inbata marar PFC, wato abin da ke daidaita yadda inji ke jan wuta, ke jan ta a gutsure, za ka tarar kana buƙatar kusan kVA 5 daga janareta, kuma ba a so a ƙure shi. Saboda haka ɗan'uwa ka nemi mai kVA 7 ko sama, mai AVR da ke daidaita wuta, ka bar na 2.5 ya ci gaba da kunna fanka da talabijin. Ka tayar da janareta ya daidaita kafin ka kunna inji, ka kuma kashe inji kafin ka kashe janareta, kada ka taɓa barin mai ya ƙare kana tsakiyar walda, domin wannan shaƙewar da janareta ke yi kafin ya mutu ta ƙona allon lantarkin da ke cikin injinan mutane da yawa.

Ƙura kuwa, ta hunturu ba ta kai ta giranda illa ba. Fankar injin tana zuƙo garin ƙarfe ta shimfiɗa shi a kan allo, ranar da damina ta kawo laima sai ya haɗa layuka biyu. Na taɓa buɗe wani da garin ƙarfe ya yi masa gashi a ciki kamar gemu. Ka ajiye shi nesa da inda tartsatsin giranda ke zuba, a kan katako ba a ƙasa ba, kana buɗe shi lokaci-lokaci ka hure da busasshiyar iska bayan ka cire shi daga wuta ya jima.

Ɗan'uwa daga Maraɗi

Ina gaishe ku. Mu a nan janareta gurup muke ce masa, sanda kuma baget. Abin da ya same ni na waya ne. Na ajiye gurup a ƙofar gida na jawo wuta da siririyar waya mai tsawon mita 50, rabinta a naɗe a jikin gangarta, sai baget ta yi ta liƙewa, na yi ta zagin inji. Da na taɓa gangar sai na ji ta da zafi har robar ta fara laushi. Na warware ta gaba ɗaya, washegari na sauya da mai kaurin 4 mm², na kuma matso da gurup kusa, injin ya koma kamar sabo.

Mai waldar agon, Abuja

Maigida mai tambaya, ɓangaren sitenles ne ya fi damuna a aikinka, domin nan ne mai gida zai riƙa shafa hannu kullum, kuma nan ne za a yi maka hukunci. Da farko ka tambayi mai sayarwa yadda injin ke kunna wutar agon. Akwai mai HF, wanda kana danna maɓallin toci wuta za ta yi tsalle ba tare da tsinin tangistan ya taɓa ƙarfe ba, kuma shi ke buɗe gas ya rufe da kansa. Akwai kuma wanda ainihinsa injin sanda ne aka ƙara masa TIG, sai ka taɓa tsinin a jikin ƙarfe ka ɗaga, gas ɗin ma da hannu kake murɗawa a jikin toci. Da irin na biyun na fara, kuma sau biyu na manta ban rufe ba na tafi salla, na dawo na tarar agon ya tafi a iska. A aikin makari, inda za ka ɗiga walda ɗari a wuni, mai HF ya cancanci ƙarin kuɗinsa.

Iska ita ce babbar abokiyar gabarka a saman bene. Agon ne kaɗai ke rufe narkakken ƙarfe, ba shi da ɓawo irin na sanda, saboda haka iska kaɗan ta isa ta kwashe shi, waldar ta fito baƙa mai ƙuraje. Na taɓa ƙara gas har lita 20 a minti ina zaton zan rinjayi iska, sai abin ya ƙara lalacewa, domin gas mai ƙarfi yana hautsinawa ya jawo iskar waje ciki. Da na kewaye wurin da kwali da tsohon tamfol, na mayar da shi lita 7, sai ga walda ta fito launin zinariya. Bututu mai kaurin milimita 1.2 ba ya son fiye da amfiya 35 zuwa 45, da tsinin tangistan mai milimita 1.6, da wayar ciko mai lamba 308L idan sitenles ɗin mai lamba 304 ne. Toci yana shiga ramin da ke da alamar ragi, matsen ƙarfe kuma a mai alamar tarawa. Idan ka juya su, tsinin zai narke ya dunƙule nan take. Idan ka gama layi kada ka janye hannu, ka bar gas ya ci gaba da zuba na 'yan daƙiƙoƙi har wurin ya huce. A wannan aikin janareta ba zai ji komai ba, don agon a kan amfiya 45 bai kai kilowat ɗaya ba.

Wani abin da ya ba ni kunya kuma: na karɓi gyaran ƙofar alminiyam da injin DC, wato mai fitar da miƙaƙƙiyar wuta kaɗai, na wuni ina fama. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, amma fatar da ke kansa sai ta haura 2000, kuma wutar AC, mai juyawa gaba da baya, ita ce ke fasa ta. Idan ba a rubuta AC/DC a injin ba, kada ka karɓi aikin alminiyam da shi.

Dattijo daga Panteka, Kaduna

Na manta abu ɗaya ɗana. Idan injiniyan ginin ya ce sai sanda mai lamba 7018 a ƙafar tankin, inbata yana jan ta lafiya, amma ka sayi sabon kwali a rufe, domin tana shan laima, kuma wadda ta kwana a buɗe a shago cikin damina tana barin ramuka a cikin walda. Buroshin da ka goge baƙin ƙarfe da shi kuma kada ya taɓa sitenles, in ba haka ba bayan ruwan farko za a kira ka a nuna maka tsatsa.

Mai tambaya, Kano

Allah ya saka muku da alheri. Na je kasuwa jiya, na sa an juya mini injina uku na karanta allon bayansu, ɗaya ma ba shi da allon sam. Na ɗauki mai HF wanda aka rubuta 60% a kan 160A, na kuma yi magana da mai ba da hayar janareta mai kVA 7.5. Abin da ya rage shi ne silindar agon: babbar ba za ta hau matattakalar da ba ta da makari ba, ƙaramar kuma ina tsoron ta ƙare mini a tsakiyar aiki. Oga na Abuja, a lita 7 a minti, kwana nawa ƙaramar ke kai ka, kuma tiyo mai tsawon mita nawa ka taɓa jawowa daga ƙasa ba tare da gas ya ba ka matsala ba?