Wace jaka ce za ta jure fadama, dutse da bayan babur?

Mai tambaya daga Ringim: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ɗalibai shida ne za su yi kwana uku a fadamar Baturiya kallon tsuntsaye cikin Janairu, daga baya kuma su hau duwatsun Riruwai. Wace irin jaka za su nema? Akwati mai taya zai yi?

Malam na Kirikasamma: Wa alaikumus salam. Akwati dai a bar shi a gida. Tayarsa ta kan siminti ce, tana shiga rairayi za ta cushe, a koma ɗaukarsa a ka. Jakar goyo za su nema, mai cin lita 40 zuwa 50. In ta fi haka girma, mutum sai ya yi ta cusa abin da ba ya bukata. Kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka: mai kilo 60, iyakarsa kilo 12. A tuna ruwan sha lita ɗaya kilo ɗaya ne, in ka ɗauki lita uku saura kilo tara ke nan. Sai batun kwalekwale. Cikinsa ba ya rabuwa da ruwa, kuma rigar ruwan da ake lulluɓa wa jaka ba ta kare gindinta. A zura leda mai kauri a cikin jakar kafin a sa komai, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure da roba. Waya da fitila su shiga ƙaramar jakar da ake naɗe bakinta, naɗi uku, ba biyu ba.

Ɗan Riruwai: Malam ya gama magana kan ruwa. A dutse kuwa, ɗamarar ƙugu ce jaka. Ita ya kamata ta ɗauki mafi yawan nauyi, kafaɗa ta huta. Siririyar igiya mara soso ba ɗamara ba ce. Sannan tsawon bayan jaka ya dace da bayan mai ita: a sunkuyar da kai, a auna daga ƙashin nan da ke fitowa a gindin wuya zuwa daidai saman ƙashin ƙugu. In jakar ta yi tsawo, maratayan za su tashi daga kafaɗa tana rinjayar mutum baya, a kan gangare kuwa wannan haɗari ne. Kafin a biya kuɗi, a sa ledar fiya wata guda a ciki, ƙulli 20, kilo 10 ke nan, a goya a zaga minti goma. Duk inda za ta ci mutum, a nan zai ji.

Mai tambaya daga Ringim: Allah ya saka da alheri. To sabuwa ko gwanjo? Kuɗin yaran ba yawa.

Baba Baduku: Ɗana, gwanjo mai kyau ta Ƙofar Wambai ta fi sabuwa mai araha, amma sai an duba. Ka juya cikinta waje. In ka ga wani abu kamar fatar albasa yana ɓarewa, ko hannunka ya yi danƙo, ko tana tsami, shafin da ke hana ruwa ya mutu, gyaransa da wuya. Ka ja maratayi da ƙarfi a inda ya haɗu da jikin jaka. In zare ya nuna haƙora, nan za ta fara yagewa. Wannan kam ana gyarawa, ɗinki biyu da zaren nailan, a ƙara ƙyalle mai kauri ta ciki. Zif mai manyan haƙora za ka nema, ka duba kan majanyin ko an rubuta YKK, sunan wani kamfanin zif mai inganci. Ƙurar hunturu ce ke kashe zif: a goge da tsohon buroshin haƙori, a shafa kyandir. Kada a sa mai, ƙura yake kamawa.

Mai babur na Hadejia: A ƙara da wannan, don ƙarshen hanyar sai babur. Duk igiyar da ke lilo a naɗe ta a ɗaure, in ba haka ba ta shige taya ko sarƙa. Jaka ta kwanta a kariya, maratayai na kallon sama, a ɗaure da robar tsohon tib wuri biyu. Kada ta taɓa salansa, nan take yadin ke narkewa.

Yaya daga Doguwa: Ni ban yarda da jaka mai aljihun raga a waje ba. Ƙarangiya na maƙalewa, ƙayar bagaruwa kuma ta keta ta tun ranar farko. Wajen shiri, bargo da gidan sauro a ƙasa, ruwa da abinci a tsakiya jingine da baya, hula da magani a sama. Da dare a rufe zif ruf, a rataye a reshe saboda kunama da gara.

Malam na Kirikasamma: Yaya, ragar gefe tana da amfani wajen gorar ruwa.

Yaya daga Doguwa: A fadamarku ne, Malam. Masu zuwa Riruwai su kai wa Baba Baduku ya ɗinka musu yadi a kanta.