Na riga na yanka fukafukan Spitfire, yanzu an ce Mustang ya fi

Mai Walda: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka min da shawara, kwana biyu ke nan barci ya gagare ni. Sana'ata ƙofofi da tagogi, amma tun ina yaro nake ƙera jirage da gwangwanin madara, har mahaifina ya taɓa zane ni don na kwance rikodarsa na cire motar kaset na yi farfela da ita. Wata uku da suka wuce wani Alhaji ya ga ɗan ƙaramin da na rataye a shago, ya ce in yi masa babba, faɗin fukafuki ƙafa shida, zai kafa a harabar makarantarsa. Abin da ya ce kawai: jirgin yaƙi mai farfela da ya fi kowanne a Yaƙin Duniya na Biyu. Na zaɓi Spitfire na Ingila. Fukafukan kaɗai sun ci min sati biyu, don gefensu a lanƙwashe yake tun daga gindi har ƙarshe, sai da na ɓata falle biyu na alminiyam kafin ya fito. Shekaranjiya ɗan Alhajin ya zo ya ce Mustang na Amurka ne ya fi, kuma zai gaya wa babansa. Kuɗin kafin alƙalamin kuwa sun riga sun tafi. Ya zan yi?

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Yaron ya fi ka gaskiya, kada ka ja. Spitfire mai gadin gida ne, tankinsa ƙarami. A Oktoba 1943 Amurkawa sun rasa jiragen bama-bamai 60 rana guda a harin da suka kai garin Schweinfurt na Jamus saboda ba mai raka su har can. Da P-51 Mustang ya zo, daga Ingila yake tashi ya raka su Berlin ya dawo, tun Maris 1944. Ka sayar da fukafukan a kilo ka fara sabo.

Mai Walda: Yallaɓai, ai injin Merlin na Rolls-Royce, irin na cikin Spitfire, shi aka sa wa Mustang kafin ya yi suna. Da injin Allison yake da farko, in ya yi sama sosai ƙarfinsa ya ragu. Kuma a 1940 da Jamus ke luguden wuta a Ingila, ina Mustang ɗin yake? Ban zaɓa da ka ba.

Baban Ummi: Ni dai ba jirgin ne ya dame ni ba. Haka aka yi min bara, na gama kujeru saiti biyu, matar gidan ta ce launin bai yi mata ba, har yau cikon kuɗina bai fito ba. Mai sana'a a ƙasar nan sai haƙuri. Kada ka taɓa komai sai an ƙara maka kuɗi.

Ɗan Zariya: Kun manta Messerschmitt Bf 109 na Jamus? Kusan 34,000 aka ƙera. Da shi matuƙin Jamus Erich Hartmann ya kakkaɓo jirage 352. Spitfire na farkon yaƙi in ya yi sukuwa ƙasa kai tsaye injinsa shaƙewa yake saboda kafireto, na Jamus kuwa injekta gare shi.

Malamar Tarihi: Ɗan uwa, tunda makaranta za a kai shi, ka duba Hurricane, shi ma na Ingila ne. A yaƙin sararin Ingila na 1940 ya fi Spitfire yawa, ya kuma fi shi kakkaɓo jirage. Sannan daga 1940 a akwatuna ake kawo shi Takoradi ta Gana, a haɗa, a tuƙo shi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Khartoum har Masar. Yara za su ji cewa a ƙasarsu ya sauka.

Injiniya: Malama, wanda ya fi aka ce, ba wanda ya sha mai a Kano ba. Hurricane bayansa yadi ne aka lulluɓa wa firam. Bf 109 kuwa mintuna kaɗan yake yi a saman Landan mai ya kore shi gida, ƙafafunsa a matse, sauka kaɗai ta hallaka matuƙa da yawa. Har Spitfire ɗin, da Fw 190 na Jamus ya fito a 1941 sai da aka yi gaggawar fito da samfurinsa na 9. Mustang, na gama magana.

Baban Ummi: Wai ka ma tambayi Alhajin da bakinka?

Mai Walda: A'a Baba. In na je masa da wannan zai ga kamar ban san aikina ba. Kuma fukafukan Mustang a yanke suke a ƙarshe, in na datse nawa ba za su zauna ba, ga tulun da ke ƙarƙashin cikinsa da sai na sake buga gangar jikin. Spitfire tun 1936 ya tashi, kuma ana ƙera shi har yaƙin ya ƙare, wannan ba hujja ba ce? Yau ma na ɗaura wutsiya.

Ɗan Zariya: To Zero na Japan fa, ba wanda zai ambace shi?

Injiniya: Jirgin da ba sulke, harsashi kaɗan ya kama wuta? Mai Walda, nawa ne ma aka ba ka kafin alƙalamin?