Shingen Thuja ɗina yana bushewa, a taimaka min

Salam 'yan uwa, don Allah masu harkar lambu ku kawo ɗauki. A Ingila nake zaune, watan Nuwamban bara na dasa bishiyoyin Thuja plicata guda 12, irin Atrovirens, tazarar santimita 60 tsakani, wai don in samu shinge makwabta su daina leƙo mana tsakar gida. To yanzu guda 4 da ke jikin katanga ganyensu ya koma ruwan ƙasa tun daga sama, ina taɓawa yana marmashewa, ko ƙamshin nan kamar na abarba babu, sauran kuma kore shar abinsu. Ruwa ina basu wallahi, taki ma na zuba. Katangar ce take tare musu ruwan sama ko saiwar ce ta ruɓe? In tumɓuke in sa wani irin Thuja da ake kira Green Giant, ko shi ma zai fi ƙarfin ɗan filin nawa?