Abin da muka tattauna kan gwajin manhaja

'Yan'uwa masu gwajin manhaja na Gusau da kewaye, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawarmu.

1. Kowa ya yarda kada wanda ya rubuta manhaja ya zama shi kaɗai ne mai gwada ta.
2. A gwada a wayoyin da ke hannun mutanenmu, irin su Tecno da itel, kuma a inda sabis ke da rauni. Da yawa sun tuna Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, suka ce dole manhaja ta iya ajiye bayani ko babu intanet. Wannan batun ya fi damuna, don mun cika yin gwaji a cikin gari.
3. A shigar da sunaye masu ƙ, ɗ da ɓ, a ga ko za su lalace.
4. Rahoton matsala ya zo da matakan da aka bi da hoton allo.

Inda aka rabu: wasu sun ce sabon shiga ya fara da Selenium ko Appium (kayan aikin da ke sa kwamfuta ta yi gwajin da kanta), wasu kuma ya fara gogewa a gwajin hannu. Ina tare da na biyun. Kan takardar ISTQB ma (shaidar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa ga masu gwajin manhaja), masu neman aikin waje na sonta, sauran sun koka da tsadarta.