Zafin Sakkwato ne ya kashe mussar Hajiya, ko ciwon gado?

Hajiyar Mabera: Jama'a, mussata 'yar Farisa, irin masu dogon gashin nan, ta mutu daren jiya, shekararta 7. Wata biyu tana kwankwaɗar ruwa kamar ba ta ƙoshi, ga yawan fitsari, ta rame har ina jin haƙarƙarinta a ƙarƙashin gashin nan. Likita ya ce ƙoda ce, wai da ciwon aka haife ta. Ni ban yarda ba. Zafin garin nan ne ya cinye ta.

Baban Yusra: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Ina bayanki. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, a ɗauke wuta, ga gashi kamar bargo, ga hanci a lotse. Tawa kwanciya take a gindin randa tana haki baki buɗe.

Dakta: Sannu da rashi, Hajiya. Baban Yusra, hakin nan gaskiya ne, gajeren hanci na hana 'yan Farisa numfashi sosai, shi ne kuma ke sa hawaye ya riƙa zubo musu. Amma abin da Hajiya ta faɗa alamun ƙoda ne. Akwai ciwon da ake kira PKD: ƙananan ƙulli masu ruwa a cikin ƙoda tun haihuwa, suna girma a hankali har ƙodar ta gaza, galibi wajen shekara 7. A 2004 masu bincike a Amurka suka gano ƙwayar gadon da ke kawo shi. In uwa ko uba ɗaya na da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira.

Mai kiwo na Arkilla: Haba Dakta! Na sayar da 'ya'yan mussa 'yan Farisa da yawa, babu wanda ya dawo mini da ƙorafi. Iyayen ga su nan lafiya lau.

Dakta: Shekarunsu nawa, Alhaji?

Mai kiwo na Arkilla: Uku.

Dakta: To ai da sauran lokaci. Mai ciwon kan yi ta haihuwa kafin alama ta fito, a nan matsalar take. Ka kai su a yi musu sikanin ƙoda, daga wata 10 ana ganin ƙullin. Wadda aka samu da shi a daina haɗa ta.

Baban Yusra: Ni har yanzu ina ganin da a ƙasa mai sanyi take da ta ƙara kwana.

Dakta: Ƙishirwa na ƙara wa ƙoda mai ciwo wahala, wannan ban musa ba. Amma ba ita ta dasa ƙullin ba.

Hajiyar Mabera: Innalillahi. 'Ya'yanta biyu suna wurin ƙanwata a Gawon Nama. Gobe in sha Allahu zan ɗauke su mu je asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Dakta, a ba su abinci da safe ko a bar su haka?